Yadda Muka Kai Goro Garin Goro

Yau kwananmu goma sha biyu da dawowa, kuma har yanzu ban ci abinci da zafinsa ba. Malaman makarantarmu ta Tarauni sun tsare ni a ofis, maƙwabta a Darmanawa sun tsare ni a tsakar gida, ƙawata Binta kuwa da ta gaji da nemana a waya sai ta jero mini saƙon murya bakwai, duk tambaya ɗaya: wai mun gano matar? To ga shi na zauna na rubuta. Duk wanda ya ƙara tambayata wannan zan tura masa, don muryata ta dishe.

Sai dai dole in faro daga baya, saboda waɗanda ba su san mahaifina ba. Duk Gyadi-Gyadi Baba Kyaftin ake ce masa. A ƙuruciyarsa matuƙin jirgin yaƙi ne, yana cikin waɗanda aka tura Saliyo lokacin yaƙinsu, kusan shekara talatin ke nan. Ina 'yar shekara takwas aka zo aka ce mana an harbo jirginsa a kan daji. An yi zaman makoki, an yi sadakar bakwai, Umma ta shiga takaba. Sai ga shi bayan wata biyu ya dawo da sanda, ya rame kamar ba shi ba, gefen bakinsa na hagu babu haƙori ko ɗaya.

Labarin faɗuwarsa kuwa babu wanda bai haddace ba a majalisarsu ta ƙofar masallaci. Yadda ya ja ƙarfen da kujera ta cilla shi sama, yadda lemar saukarsa ta maƙale a bishiya, yadda birai suka zagaye shi suna kallo. Abokin tsokanarsa Alhaji Danlami mai katako yakan ce, "Kyaftin, bara birai uku suka yi gadinka, bana na ji sun zama biyar." A yi ta dariya, Baba ma ya yi.

Inda aka fi so shi ne wajen goro. Baba mashayin goro ne na gaske. Ya ce kwana uku ya yi kwance ƙarƙashin wasu bishiyoyi, ƙafa a karye, muƙamuƙi a goce, ba abin da yake roƙon Allah sai ɓarin goro ɗaya kafin ya mutu. Ga wasu korayen 'ya'yan itace masu ƙuraje sun zubo ko'ina suna tokare masa baya, yana ta ture su da haushi. Rana ta huɗu wata mata ta ɓullo da kwando a ka. Ta dube shi, ta ɗauki ɗaya daga cikin abubuwan da yake turewa, ta fasa, ta ɓare farar fatar ciki, sai ga jan goro jajir. Ashe a gonar goro ya faɗo. Bakano, mai cin goro tun yana sakandare, bai taɓa ganin uwar goro ba. Matar ta daddaka masa a kan dutse ta zuba masa a baki, sannan ta ja shi zuwa bukkar gonarta ta ɓoye shi sati shida tana ɗura masa ruwan shinkafa. Sunanta Siya. Ba ya jin yarenta, ba ta jin nasa. Kalma ɗaya suka haɗu a kanta, Kano, don ta san can fatake ke kai goronta. Da sunan take kiransa.

A nan Baba yake tsayawa kullum. Ragowar ni kaɗai ya faɗa wa, bara, bayan rasuwar Umma. Ina zaune gabansa da la'asar yana goga goro a magoginsa, wani ɗan gwangwanin kifi da maƙerin kasuwar Tarauni ya huhhuda masa da ƙusa, wanda ba ya rabuwa da aljihunsa tun da ya rasa haƙora. Sai ya ce, "Rabi, kin san ban yi wa matar nan sallama ba?" Ya ce wata safiya ta shigo bukkar a guje, ta ɗaga shi, ta nuna masa hanyar kogi, ta tura shi. Bai yi nisa ba ya ji harbi ta wajen ƙauyen, ya ga hayaƙi. Akwai ƙaramar bindiga a ƙugunsa. Bai juya ba. Ya ci gaba da ɗingishi har sojojinmu suka tsince shi.

"'Yan tawaye ne, ni suka zo nema," in ji shi. "Shekara talatin ban sani ba ko kashe ta suka yi saboda ni. Ina so in sani kafin in bi uwarku."

Na yi kuka ranar, ba zan ɓoye ba. Yayyena maza duk suka ce aiki ba zai bar su ba, ni kuwa ga hutun ƙarshen shekara, ga ɗan Turancina na malamar firamare. Maigidana ya ce Allah ya kiyaye hanya, shi ke nan na zama 'yar rakiya.

Rigimarmu ta farko a kan tsaraba muka yi ta. Na ce a sayi atamfa da turare da dabino. Baba ya ce duk a saya, amma sai an haɗa da goro. Na ce, "Baba, kai da bakinka ka ce a gonar goro ka same ta."

"To sai me? A ina kika taɓa ganin an je gaida babba ba goro? Ke ba ki da tarbiyya ne?"

Ya ɗauki mai adaidaita har kasuwar goro ta Mariri, ya wuni yana zaɓe, ya dawo da ƙwarya biyar ta manya-manya, an jera su cikin ganye an naɗe da algarara. Tun daga ranar na zama mai reno. Safe da yamma in kwance ƙunshin, in yayyafa ruwa, in tsince wanda sankara ta taɓa, in mayar in ɗaure. Ko 'ya'yana ban yi wa wannan hidimar ba.

Zuwa Legas Baba ya ce shi ba zai hau jirgi ba, don tun da ya faɗo bai ƙara taka matakalarsa ba. Muka bi doguwar mota, goro a kan cinyata, ƙafafuna suka kumbura kamar na mai ciki wata tara. A Agege muka sauka gidan abokinsa Alhaji Mudi, tsohon dillalin goro. Da ya ga ƙunshin ya ji inda za mu kai shi, sai da ya zauna a ƙasa don dariya.

"Kyaftin, wannan goron daga can ya taso, ya ratsa teku, ya kwana a rumfata, ya hau tirela zuwa Kano. Yanzu kai kuma za ka saya masa tikitin jirgi ya koma gida?"

Baba ya yi kunnen uwar shegu da shi. Amma Alhaji Mudi ya yi mana babbar rana, don shi ya haɗa mu da wani abokin cinikinsa, Alfa Bari, Bafulatani mai shago a garin da ya fi kusa da dajin da muke nema. Ya ce yana jin Hausa, yana kuma jin yaren mutanen wurin.

Daga Legas kam ba makawa sai jirgi. Na sha jinin jikina ganin yadda Baba ya yi shiru a layi, tasbaha na ta gudu a hannunsa. Muka zauna, ya ɗaura bel, ya rufe ido. Jirgi ya fara gudu, ya ɗaga. Can na ji ya ce a hankali, "Ya yi saurin ɗaga hanci." Na waiga, sai na ga idonsa a buɗe tar, ya manna goshi a taga kamar yaro. Daga nan har muka sauka bakinsa bai rufu ba. Ya yi mini bayanin fiffike, ya yi mini na gajimare, ya gaya wa wani Bayarabe da ke gefenmu abin da ƙarar nan ke nufi da abin da waccan ke nufi, mutumin da bai tambaye shi ba. Da tayoyi suka taɓa ƙasa ya gyaɗa kai ya ce, "Yaron ya iya. A gaishe shi." Ni ce dai na sauko da ciwon kai.

Abin da ya fara ba ni mamaki a Saliyo shi ne shinkafa. Mu nan in ka ci shinkafa da rana, da dare tuwo ne. Su kuwa in mutum bai ci shinkafa ba, ko doya guda ya cinye zai ce maka yau bai ci abinci ba. A masaukinmu na farko aka kawo mana ita da wata miya koriya shar, manja na yawo a kai, wai ganyen rogo ne aka daka. Ganyen da muke ba awaki! Na yi bisimilla na rufe ido na kai loma. Jama'a, sai da na nemi ƙari. Baba kuwa cokali ɗaya ya kai ya ajiye, ya daɗe yana kallon kwanon. Ya ce ranar da muƙamuƙinsa ya fara motsi, wannan miyar Siya ta ba shi.

Kwana biyu muka yi a mota muna nausawa gabas. Titi mai kyau ya ƙare, jar ƙasa ta karɓa. Ina ganin a Kano muka ƙure lodi, ashe wasa muke. Motar da muka shiga ta ƙarshe, direba da wani fasinja kujera ɗaya suka raba, yana canja giya ta tsakanin ƙafafun bawan Allah. A kan rufi akwai akuya biyu da mutum uku. Muka yi faci sau biyu, sau ɗaya kuma duk muka fito muka tura ta ta haye wani tudu, har da ni da hijabina, Baba na gefe yana ba da umarni irin na soja ba mai jin sa.

Kuma duk inda muka tsaya, goro. A bakin hanya goro tuli-tuli a kan tabarma, a tsakar gidaje mata na wanke shi a baho, yara na jifan juna da shi. Ni kuwa ga ni rungume da ƙwarya biyar daga Mariri ina yayyafa musu ruwan roba. Duk lokacin da na harari Baba sai ya kau da kai yana kallon bishiyoyi.

Alfa Bari ya tarbe mu kamar ya shekara da saninmu. Dogo ne siriri, Hausarsa ta 'yan goro ce, komai sai ya ce "wallahi Alhaji". Matarsa ta ba ni ɗakinta, ta kuma dama mana fura da nono, wadda na sha kamar in yi kuka don kewar gida. Baba ya faɗi sunan ƙauyen yadda kunnensa ya riƙe, Alfa ya juya shi a baki sau uku, ya gyara shi, ya ce ya san wurin. An ƙone shi a yaƙi, amma an sake ginawa.

Da safe muka hau babura uku. Hanyar ba ta wuce faɗin tabarma ba, bishiyoyi sun haɗe a sama har ba ka ganin rana. Baba na gaba yana ta nuna wurare yana ɗaga murya, "Nan ne! A'a, ba nan ba ne!" Sai ga mu a ƙauyen. Gidajen kwano ne sababbi, ga makaranta, ga famfon tuƙa-tuƙa. Bai gane komai ba.

Aka kai mu gaban mai gari, wani tsoho mai suna Tamba. Kafin a bar mu mu ce uffan sai da aka kawo ƙwarya da ruwa da goro a ciki, muka sha, muka ɓara. Haka al'adarsu take, baƙo ba ya faɗin abin da ya kawo shi sai ya ci goron gida. Na ce a raina, ashe dai 'yan'uwanmu ne. Sannan Alfa ya ce muna neman wata mata mai suna Siya.

Mai gari ya yi magana, aka bazama cikin gari. Ba a jima ba sai ga mata suna fitowa. Wata da goyo, wata da muciya a hannu, wata tsohuwa da sanda, har da wata jaririya da aka ɗauko a kafaɗa. Na ƙirga tara. Alfa ya dafe kai ya ce, "Wallahi Alhaji na manta ban gaya maka ba. A nan duk 'yar fari mace sunanta Siya." Kamar dai mutum ya shiga Kano ya ce yana neman Ladi.

Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya da kallo, ya girgiza kai. Aka ce ya kwatanta ta. Ya ce gajera ce, baƙa, tana da wushirya, haƙoranta farare tas, in ta yi dariya sai ka ga kamar an kunna fitila. Alfa ya fassara. Tsofaffi suka dubi juna, suka yi shawara, suka ce ba su san wata Siya mai irin waɗannan haƙora ba. Mai gari ya ƙara da cewa mutane da yawa sun mutu ranar da aka ƙone garin, wasu ko kabarinsu ba a sani ba.

Na ga Baba ya zauna a kan benci. Ya ce, "Rabi, shi ke nan. Sun kashe ta." Haushi ya kama ni. Mun ratso ƙasa da sama da ƙunshin goro a cinya, a ce a nan za mu tsaya? Na miƙe na ce wa Alfa ya bar zancen haƙora, ya gaya musu wane ne wannan. Ban ma jira shi ba, na buɗe hannuwa kamar fiffike, na yi ƙugin jirgi da bakina, na nuna sama, na nuna ƙasa, na nuna Baba. Ni Rabi, malamar aji huɗu, uwar 'ya'ya uku, a gaban mai gari.

Wata tsohuwa ta ƙwalla ƙara. Wuri ya kaure. Mai gari ya miƙe tsaye ba sanda, ya kama hannun Baba yana ta jijjigawa yana magana da sauri. Alfa na ƙoƙarin bin sa, Hausarsa na tsinkewa. "Wai kai ne mai bishiya! Wallahi Alhaji wai kai ne mutumin sama mai bishiya!"

Gari guda ya raka mu cikin daji, ana kiɗa da gwangwani. Aka tsaya gaban wata uwar goro doguwa, ta yi 'ya'ya har rassanta sun sunkuyo. Mai gari ya yi bayani. A wurinsu in an haifi yaro, ana binne cibiyarsa tare da ƙwayar goro, bishiyar da ta fito tasa ce har abada, kuma da ita ake gane lafiyarsa in ya yi nisa. To haƙoran Baba biyu da suka ƙarasa fita a bukka, Siya ta tsince su ta binne da goro, don a ganinta ranar da ta same shi aka sake haihuwarsa. Kowa a garin ya san bishiyar mutumin sama.

Baba ya dafa gindinta da hannu biyu. Bai tambayi komai game da bishiyar ba. Ya ce wa Alfa, "Tambaye shi, tana raye?"

Tana raye. Tana tsallaken kogi a ƙasar Gini, wajen 'yarta, inda suka gudu lokacin yaƙi.

Na yi guɗa. Ban taɓa sanin na iya guɗa ba sai ranar.

Iyakar ƙasar wani kogi ne, da igiya ɗaure tsakanin bishiyoyi biyu, da jami'i a ƙarƙashin mangwaro. Na wannan gefen ya buga mana hatimi ba gardama. Sai ga kwalekwale, icce guda da aka fafe, ruwa na tsattsafowa ta ƙasansa. Ni ruwan da na sani bai wuce kududdufin unguwarmu da damina ba. Na shiga ina karanto duk addu'ar da na iya. Da na ɗago sai na ga mutumin da ya tuƙa jirgin yaƙi ya ƙanƙame gefen kwalekwale da hannu biyu, ido a rufe gam. Na ce, "Baba, ya ɗaga hanci da wuri ne?" Ya ce in rufe masa baki.

Jami'in wancan gefen Faransanci yake yi. Ya nuna ƙunshina ya ce in kwance. Da ya ga abin da ke ciki ya tambayi Alfa daga ina, aka ce daga Najeriya. Ya kira abokan aikinsa biyu su zo su gani, suka yi dariya har ɗaya ya riƙe ciki, suka ɗage mana igiya. Baba ya ce, "Ku yi ta yi."

Rana ta take tsaka muka shiga gidan. Wata tsohuwa 'yar ƙarama tana zaune a kujera 'yar tsuguno, baho a gabanta, tana ɓare goro. Ta ɗago ta dube mu, ta dubi Baba da furfurarsa da tumbinsa da babbar rigarsa, ba ta nuna ta san shi ba. Baba ma ya tsaya cak. Bakinta ya shige ciki, kumatu sun lotsa. Na ji yana cewa ƙasa-ƙasa, "Ba ita ba ce."

Sai ta tashi. Ta matso, ta miƙa hannu ta kama haɓarsa ta juya ta gefe, yadda ake duba rago a kasuwa. Ta bi tabon muƙamuƙinsa da yatsa. Ta danna kumatunsa na hagu ta ji ba haƙori.

"Kano!"

Yadda ta faɗe shi, har yanzu ina jin sa a kunnena. Ta shiga dukan ƙirjinsa da tafin hannu tana tsalle tana kiran mutanen gida, tana "Kano, Kano", tana dariya da baki buɗe. A nan na ga dalilin da ya sa ba wanda ya gane kwatancen Baba. Babu haƙori ko ɗaya a bakinta.

Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ƙwaryar ruwa da goro. Baba bai iya jira ba. Ya ce wa Alfa, "Tambaye ta me ya faru ranar. Kada ka rage mini komai."

Ta ba da labarin tana ci gaba da ɓare goronta. 'Yan tawayen sun tsinci lemarsa a daji, suka zo suna tambaya. Wani ya nuna ta. Ta ce musu ita goro ta sani, ba ta san jirgi ba. Ɗaya ya juya gindin bindiga ya buga mata a baki. Ya sake tambaya, ta sake faɗin haka, ya sake bugawa. Haƙoran gaba duk a wurin suka zube, sauran suka bi su a hankali. Da suka cinna wa gari wuta ta ja 'yarta suka faɗa kogi.

Alfa ya gama fassara da ƙyar. Baba ya sauko daga tabarma ya durƙusa a ƙasa gabanta, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba. Hawaye na bin gemunsa ya ce, "Gaya mata na ji harbin. Gaya mata da bindiga a jikina, kuma ban juyo ba. Ta yafe mini."

Ta saurari Alfa, ta ɓata fuska kamar an gaya mata maganar banza. Ta yi magana tana nuna Baba da ɓawon goro. Alfa ya fara dariya yana share ido.

"Wai ashe har yanzu ba ka da wayo. Wai da ƙafa ɗaya za ka yi yaƙi da mutum ashirin? Ta ce gudu ta ce ka yi, kuma ka yi. Da ka juyo, da haƙoranta sun zube a banza."

Ta ƙara da cewa ita ba ta taɓa damuwa da shi ba, don duk shekara tana aika a dubo mata bishiyarsa, kuma ba ta taɓa yin yaushi ba. Sai ta nuna ni ta tambaya. Aka ce 'yarsa ce, tana da yayye, tana da 'ya'ya. Ta sa na ƙirga mata jikokin Baba da yatsu, goma sha ɗaya. Ta tafa hannu ta juya tana gaya wa mutanen gidan, kamar ita ta haife su.

Baba ya daɗe kansa a ƙasa. Da ya ɗago sai na ga fuskar da rabona da ita tun ina yarinya.

Sannan aka zo kan tsaraba. Atamfa ta sha yabo, turare ya zagaya. Na jawo ƙunshin da na yi wa reno kwana tara, na kwance a gaban mata masu baho uku na sabon goro. Sai gida ya fashe da dariya. Siya ta ɗauki ɗaya, ta shinshina, ta ce wannan ɗan gidansu ne, amma ya sha wahalar duniya. Ta mayar ta ajiye. Ta ce ya gode, sai dai ita rabonta da goro tun ranar nan. An gwada daka mata a turmi, yaji ne kawai ke fitowa, ta haƙura. Shekara talatin tana tsinkarsa tana ɓarewa tana sayarwa, ba ta sa shi a baka.

Baba ya matso kusa da ita. Ya sa hannu a aljihu ya fito da ɗan gwangwaninsa. Ya zaɓi mafi girma a goron Mariri, ya ɓara, ya kama hannunta ya buɗe tafin, ya shiga gogawa. Garin goro ja mai laushi ya riƙa zuba a hannunta. Duk gidan suka matso, ba su taɓa ganin irin abin ba. Ta dube shi, ta dubi tafinta, ta zuba a baki. Ta rufe ido tana mamula a hankali, ba wanda ya yi motsi. Can sai hawaye ya gangaro mata, ta miƙo tafin hannun a ƙara.

Ya ƙara mata sau uku. Daga nan ta karɓe magogin daga hannunsa, ta juya shi, ta gwada da kanta, ta ƙulle shi a bakin zaninta ba tare da ta tambayi kowa ba.

Kwana biyu muka yi a gidan. Da muka biyo ta ƙauyen mai gari a hanyar dawowa aka cika mana buhu da goron bishiyar Baba, na sake zama mai reno. Kwana biyar muna hanya, ga goronsa na kansa a gabansa, ba magogi, ba haƙorin kirki, mutumin da ba ya iya awa biyu ba goro. Ko sau ɗaya ban ji ya yi ƙorafi ba.

Washegarin dawowarmu ya je kasuwar Tarauni aka huda masa sabon gwangwani. Da la'asar ya sa na kai masa buhun ƙofar masallaci, ya bi 'yan majalisa yana ba kowa bibbiyu. Alhaji Danlami ya ɓara nasa ya ce, "To Kyaftin, birai nawa ka tarar? Sun kai goma yanzu?"

Na tsaya daga nesa in ji me zai ce. Baba ya gyara zama, ya ajiye sandarsa.

"Bar zancen birai, Danlami," in ji shi. "Matso. Akwai inda nake tsayawa kullum a labarin nan. Yau zan ƙarasa muku shi."